Yadda Gida Zai Tallafi Mai Ciwon Damuwa da Abinci da Tsarin Yini

Ɓacin ran kwana biyu ba ciwo ba ne, kowa yana yi. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne mutum ya kwashe mako 2 ko fiye zuciyarsa a cunkushe kusan kullum, abubuwan da yake so a da duk su fita daga ransa, barci ya lalace, abinci ya ƙi ciwuwa, jiki ya mutu. A gida sai a ce tunani ne ya yi masa yawa, wasu su ce ƙarancin tawakkali ne. Don Allah a bar wannan magana ta biyu, nauyi kawai take ƙara masa. Mai ciwon ba shi da ƙarfin tsara wa kansa komai, shi ya sa aikin ya rataya a wuyan matarsa, ko mijinta, ko uwa, ko yayan da ke kusa.

Kafin a taɓa tukunya, a je a auna jini. Ƙarancin jini da ciwon suga kan kawo irin wannan kasala, kuma gyaran abinci kaɗai ba zai tono su ba.

Abinci yana da tasiri, amma a san iyakarsa. A 2017 an yi gwaji a Ostireliya da mutum 67 masu ciwon. Waɗanda aka gyara wa abinci na mako 12, kashi 32 cikin 100 sun samu sauƙi sosai, waɗanda ba a gyara wa abinci ba kuwa kashi 8. Gwajin ƙarami ne, kuma akasarinsu suna karɓar magani ko shawarar likita a lokacin. Abin da aka ɗora su a kai galibi muna da irinsa a Gombe: hatsi da dusarsa, wake, ganye, kifi, ƙwai.

A fara da wake, tunda ga shi nan a kasuwar Tudun Hatsi. Rabin gwangwanin madara ya ishi mutum ɗaya, sau 3 ko 4 a mako. A jiƙa shi tun dare maimakon a zuba kanwa, domin kanwa tana kashe wani kaso na bitamin B. Ganye kuwa kullum ne: zogale, alayyahu, rama, yakuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dafa ganye har ya yi baƙi, sannan a tsiyaye ruwan a zubar, alhali sinadarin folet da ƙwaƙwalwa ke buƙata ya tafi da ruwan. A sa alayyahu a miya saura minti 5 a sauke. Kifi sau 2 a mako. Titus da sardin ne ke ɗauke da man omega-3 mai yawa. Tarwaɗa da ƙarfasan Dadin Kowa suna gina jiki, sai dai ba su kai su wannan mai ba. Ƙwai, nama da nonon da aka tafasa suna ba da bitamin B12. Hanta sau ɗaya a mako ta isa, mai ciki kuma ta bar ta saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Shayi a bayan abinci yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, a jinkirta shi awa ɗaya. Lemon zaƙi ko tumatir kuwa taimakawa suke yi. Lemon kwalba mai santilita 50 yana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 13, ya zarce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba na yini guda. Idan mai ciwon ba ya iya cin tuwo, kada a tsaya kansa da faɗa. A ba shi kunun gyaɗa ko fura rabin kofi, a sake kawowa bayan awa 3, kuma a zauna a ci tare da shi.

Barci yakan fi abinci wuyar gyara. Babba yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma daga lokacin tashi ake kamo shi. Ya riƙa tashi lokaci ɗaya kullum. Komawa shimfiɗa bayan Asuba har hantsi ya dubi ludayi shi ke ɓata daren gaba. Goro, shayin majalisa da lemon ƙara kuzari su tsaya daga Azahar, domin bayan awa 5 rabin sinadarinsu mai hana barci yana nan a jini. A ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya.

Tafiyar ƙafa minti 30, kwana 5 a mako, ita ce ma'auni, amma a fara da minti 10. Cewa "ka riƙa motsa jiki" ba ta tayar da mai wannan ciwo. A zo da takalminsa a ce "Yaya, taso ka raka ni." A watan Maris da Afrilu a fita kafin ƙarfe 8, zafi bai taso ba, ga shi hasken safiya yana daidaita barci. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida a wannan lokaci. Abu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari ake ɗauka a mako; idan aka jibga masa duka ya kasa, sai ya ƙara ganin kansa ba shi da amfani.

Tramadol, kodin, wiwi da giya suna kwantar da zuciya na 'yan awoyi, sannan su dawo da ita ƙasa da inda take.

Idan an yi wata guda ba canji, ko ya daina fita aiki, ko mai jego ta wuce mako 2 tana kuka tana ƙin jaririnta, a nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Addu'a ba ta hana shan magani. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, a nan ne da yawa ke yar da shi. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, kuma likita ne zai rage shi a hankali. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona da ƙwayoyi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.