Yadda ake kafa kwamitin shawara na matasa a ƙaramar hukuma

Ina koyarwa a sakandare lokacin da kansilan mazaɓarmu ya roƙe ni in haɗa masa samari da 'yan mata da za su riƙa ba majalisar ƙaramar hukuma shawara. Karon farko shirme muka yi. Aka tara yara a sakatariya, aka raba lemo da biskit, ciyaman ya yi jawabi, aka ɗau hoto, kowa ya kama gabansa. Bayan wata uku ko sunan kwamitin babu mai tunawa. Ga abin da muka gyara a karo na biyu.

Kafin ka kira yaro ko ɗaya, nemi takarda. Kansila ya gabatar da ƙudiri a zaman majalisa, a amince, a rubuta. Ciyaman yana sauka wani ya hau, kuma alkawarin baki da mai shi yake tafiya. Takardar ta faɗi shekarun 'yan kwamitin, sau nawa za su zauna, da jami'in da zai riƙa amsa musu. Mu mun ɗauki 'yan shekara 13 zuwa 17, don su ne ba su da wata kafa. Sai mutum ya kai 18 yake jefa ƙuri'a, gyaran dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 kuwa 25 ya mayar da shekarun takarar majalisar jiha, daga 30. Ɗan shekara 15 dai har yanzu ɗan kallo ne.

Wajen zaɓen yaran ne aikin yake, kuma a nan za ka yi baƙin jini. In ka ce kansiloli su kawo suna, 'ya'yansu da na 'yan jam'iyya za su cika ɗakin. In ka bar wa shugabannin makarantu, za a turo maka waɗanda suka iya zuba Turanci a gasar muhawara. Yara ne masu kirki, amma ba su san abin da ke faruwa a tasha da asuba ba. Yaron mota ya sani. Mai tallar gyaɗa ta san lungun da ba a bi bayan Magariba, almajiri kuma ya san kowane famfo da ya mutu a garin. Don haka kowace mazaɓa muka ɗauki biyu, mace da namiji, rabin kwamitin 'yan boko, rabi daga tsangaya da Islamiyya da shagunan koyon ɗinki, walda da kanikanci. A kowane wuri yaran ne suka zaɓi nasu da ɗaga hannu.

'Yan mata ba sa zuwa da takardar gayyata. Sai ka taka da ƙafarka. Ka fara gaida dagaci, ya haɗa ka da mai unguwa, sannan ka je gidan tare da malama mace wadda za ta shiga ciki ta yi wa uwar bayani. Uba zai tambaye ka wa zai kai ta, wa zai dawo da ita, kuma gaskiyarsa ce. Ka tanadi amsa: zama bayan Azahar, a tashi da La'asar, kuɗin mota a hannu ranar, malamar tana ɗakin har a tashi. Kada ka sa zama ranar kasuwa ko lokacin jarrabawar WAEC da NECO, da damina ma ka rage, ana buƙatarsu a gona. A yi magana da Hausa.

Sai abin da za su tattauna. Ka tsayar da su kan abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, kwashe shara, magudanan ruwa, banɗakin jama'a, da hannun da take da shi a firamare da ƙananan asibitoci. In ka bar su suka shiga zancen wutar lantarki ko titin tarayya, za su yi ta magana babu mai amsawa, su gaji. Abu ɗaya a zango ya isa. Ba su littafin rubutu da biro su je su gani da idonsu.

Namu firamaren mazaɓu suka zagaya. Ranar gabatarwa wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a zama ba ta miƙe gaban shugaban sashen ayyuka, tana murza gefen hijabinta, ta ce masa ranka ya daɗe, banɗakin wata makaranta ba shi da ƙofa, shi ya sa 'yan mata in sun tafi gida lokacin tara ba sa dawowa. Mu manya mun daɗe muna ɗora laifin kan talla. Ni kaina da nake malami ban taɓa leƙa bayan azuzuwan ba. Ƙyaure biyu na kwano da sakata aka sa.

Kowace shawara a amsa ta a rubuce cikin wata ɗaya: an yi, ko za a sa a kasafin baɗi, ko ba za a yi ba, ga dalili. Yara suna jure a'a, shiru ne ke korarsu. In za ka ce babu kuɗi, ka shirya, don sun ji a rediyo cewa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma za su tambaye ka.

Zaɓe yana matsowa za ka ga masu son aron yaran don cika taro. Mu mun hana shiga zama da hula ko rigar jam'iyya, muna kuma dakatar da zama har a gama kamfe. Wa'adi shekara biyu ne, amma rabi ke fita kowace shekara, don sababbi su tarar da waɗanda suka san ofishin da ake bi. Littafin zaman kuma a hannun sakataren yaran yake kwana, kwafi kawai ake kai wa sakatariya.