Yadda za ka rage kuɗin wutar Jacuzzi in kana zaune a Amurka

Jama'a, waɗanda suka sayi gida ko suka kama haya a Amurka suka tarar da bahon ruwan zafin nan a bayan gida, wanda kowa ke ce wa Jacuzzi ko da wani kamfanin ne ya ƙera shi, ku matso kusa. Ni dai ranar da bil ɗin wuta na farko ya zo sai da na nemi wuri na zauna, ashe ko ba ka shiga ba abin yana nan yana shan wuta dare da rana don kar ruwan ya huce, kuma a nan kuɗin ke zurarewa, ba a minti ashirin ɗin da kake jiƙa jikinka ba.

In sabo za ka saya, kar fitilu masu kala-kala su ruɗe ka, nemi takardar da ke manne a jikinsa mai nuna watt nawa yake ci yana zaune a rufe. Hukumar makamashi ta California ta kafa ƙa'ida kan wannan tun 2006, ta ƙara matse ta a 2019. Mai cin galan 400, wajen lita 1,500 kenan, bai kamata ya wuce watt 240 da 'yan kai ba, ka ga yunit 175 ke nan a wata tun kafin ka tsoma ƙafa. Wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ne naka.

Wanda ya gaji tsoho kuma, murfi zai fara dubawa. Ɗaga shi ka ji. In ya yi nauyi kamar katifar da ta kwana cikin ruwan sama, soson cikinsa ya sha ruwa, ya daina tare zafi, canja shi kawai babu wani dabara. Nawa sai da muka haɗu mu biyu muka iya ɗaga shi, ga warin gansakuka. Da asuba lokacin sanyi ka leƙa, in ka ga tururi na tsiyaya ta gefe ko ta tsakiya inda yake naɗewa to kuɗinka ne ke tashi sama. Ka riƙa ɗaure igiyoyinsa, ka kuma sayi siririn bargon robar nan da ake shimfiɗawa a kan ruwan, ba shi da tsada.

Zafin ma rage shi. Ƙarshensa digiri 40 ne, wato 104 a ma'aunin Amurkawa, amma 38 ya ishi kowa. In ka gama ka rufe makunnin iskar da ke sa kumfa, in ka bar shi a buɗe iska mai sanyi yake zuƙowa hita ta yi ta fama. Filta kuma a cire a wanke da tiyo a kai a kai.

A California wuta ta fi tsada daga ƙarfe 4 zuwa 9 na yamma ga masu tsarin biyan kuɗi gwargwadon lokaci, don haka ka saita famfon tace ruwa ya yi aikinsa cikin dare. In za ka je gida hutu ka sauke zafin ƙasa sosai, amma ku mutanen Minnesota kar wanda ya kashe shi ɗungurungum da hunturu da ruwa a ciki, bututun zai daskare ya fashe.