Yadda Ake Tayar Da Tsohon Mutum-mutumin Gwangwani

Mutum-mutumin wasan yara da kamfanonin Japan irin su Nomura, Yonezawa da Masudaya suka ƙera tsakanin 1950 da 1969 sun fi ba ni sha'awa, kuma yawancinsu ba su mutu ba, datti ne ya riƙe su.

Idan ka samu wanda ake murɗa wa makulli kafin ya yi tafiya, kada ka murɗa makullin da ƙarfi. In ya cije, ƙyale shi, don sifirin ɗin ciki na iya tsinkewa.

Wajen buɗewa ake yin ɓarna. Ba kusoshi ne suka haɗa jikin ba, wasu ƴan kunnuwa ne na gwangwani da aka lanƙwasa. Ɗaga kowanne a hankali da siririn sukudireba, ka sa ƙyalle a ƙarƙashinsa don kada ya karce zanen. Daidai yadda murfin zai fita kawai za ka ɗaga, domin kunnen da aka yi ta lanƙwasawa karyewa yake yi, kuma ba shi da sauyi.

A ciki za ka tarar tsohon mai ya daskare a haƙoran giya. Goge shi da ƙaramin buroshi, sannan ka ɗiga man keken ɗinki a bakin kowane sandan juyi, ɗigo ɗaya tak.

Mai batir kuwa, duba farin garin da ya ci ƙarafunan mazaunin batir. Auduga da ruwan khal na cire shi.

Don Allah kada ka sake masa fenti. Zanen asali, ko ya koɗe, shi masu tarawa ke nema, haka ma kwalinsa. Ajiye shi inda babu laima, ka cire batir.