Yadda ake yi wa kwas ɗin riƙon bindiga kwaskwarima

A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jihar, a Gusau. Galibinsu 'yan gari ne, ba sojoji ba, kuma manhajar da ta horar da rukunin farko ba dole ba ne ta dace da waɗanda suka biyo baya. In gyaranta ya faɗo hannunka, ga hanya.

Fara da waɗanda ka yaye. Bi su bakin aiki, ko Tsafe ko Maru, ka tambaye su darasin da ya yi musu rana da wanda ba su sake tunawa da shi ba. Kada ka yi tambayar a gaban kwamandansu, don "lafiya lau" kawai za ka ji.

Daga nan sai ka tattaro labarin duk haɗarin da ya auku: harbin da ya suɓuce, bindigar da ta cije, harsashin da ya ɓata a lissafi. Kowanne yana nuna maka inda darasi ya yi rami.

Sai rage darussa, kuma nan ne wuyar aikin take. Kowane malami na son ƙara nasa, ba mai son a taɓa shi, har kwas ya kumbura ɗalibi ya fita da kai cike, hannu bai saba ba. A ganina fareti ne farkon abin ragewa. Yana koyar da ɗa'a, na yarda, amma ba sai ya cinye safiya duka ba. Abin da ba a taɓawa shi ne ƙa'idojin kiyaye rai: a ɗauka kullum akwai harsashi a ciki, bakin bindiga kada ya kalli mutum, yatsa nesa da kunama, a tabbatar da abin da ake nufi da abin da ke bayansa. Haka darasin doka, wato yaushe harbi ya halatta, da miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda. Duk a koyar da Hausa.

Ka duba yanayi ma. Ƙurar hunturu da danshin damina kowanne da irin gogewar da bindiga ke so.

In ka gama, gwada sabon tsarin da mutum kaɗan tukuna. Sa masa kwanan wata, ka karɓe tsofaffin takardu daga hannun malamai, sannan ka kira tsofaffin ɗalibai su zo bita.