Yadda ake shirya wa darasin Ahya' a jarrabawar Tahsili

Duk shekara ina zama da yaranmu na Makka masu shirin Tahsili, jarrabawar da masu gama sakandare ke yi don shiga jami'a a Saudiyya, kuma abin da ke kayar da su a ilimin halittu, wato Ahya', kusan iri ɗaya ne. Yaro zai ce ai wannan hadda ce kawai, ya ba lissafi da fiziya duk lokacinsa. Sai saura mako biyu ya sauke tajmi'at, wato tarin tambayoyin jarrabawar baya, daga Telegram ya hau haddace amsoshi. Ranar jarrabawa a canza lamba ɗaya a tambayar, ya tsaya cirko-cirko. Alhali cikin darussa huɗu da Kiyas, cibiyar da ke shirya jarrabawar, ke tambaya, lissafi, fiziya, kimistiri da Ahya', a nan ne aka fi saurin tara maki.

Fara da littafin makaranta, don daga manhajar shekaru uku na sakandare ake ciro tambayoyin. Ni ɗalibina ba ya taɓa tajmi'at sai ya gama babin a littafi, kuma ba na sassautawa a kan wannan. Kada kuma a matsa wa iyaye a kan sayen manyan littattafan shiri ko biyan kuɗin kwas. Darussan Ain na ma'aikatar ilimi suna nan a YouTube kyauta, sun isa wanda zai zauna ya bi su da biro a hannu.

Babin gado ne zai ci maka lokaci, kuma ya cancanta. Da ka ga tambayar gado, rufe zaɓin amsoshi huɗun da tafin hannunka. Fara rubuta haruffan uba da na uwa: babban baƙi ga siffa mai rinjaye, ƙarami ga wadda ake dannewa. Daga nan ka fitar da abin da kowannensu zai iya ba ɗa. A nan ne mafi yawan yara ke faɗuwa. Mai Aa zai ba da A ko a, wannan kowa ya sani. To mai AaBb fa? Sai ka ga yaro ya rubuta Aa da Bb, ya gina duk lissafinsa a kan kuskure. Amsar ita ce AB, Ab, aB da ab, don kowace ƙwayar haihuwa harafi ɗaya tal take ɗauka daga kowane tagwaye. Dalilin yana cikin babin rabuwar ƙwayoyi: ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado, amma maniyyi da ƙwan mace 23 kowannensu ke ɗauke da shi. Wanda bai fahimci wannan rabuwar mai rage adadi zuwa rabi ba, ya koma can tukuna.

Sai ka zana murabba'in Punnett, wato jadawalin da ake haɗa haruffan uba da na uwa a ciki, da hannu, kowane lokaci, ko da kana ganin ka san amsar. Bayan ka cike shi ka sake karanta tambayar. Siffar da ido ke gani ake nema, ko haruffan da ke ciki? In ka haɗa Aa da Aa, ta farko 3:1 ce, kamar yadda Mendel ya samu a wakensa, ta biyu kuwa 1:2:1. Duka biyun za ka tarar a cikin zaɓin.

Misalin da nake koyarwa da shi sikila ce, don ba baƙuwarmu ba ce, kuma tun 2004 Saudiyya ta wajabta gwajinta kafin ɗaurin aure. Miji AS, mata AS: kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Kowane ciki, ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ina so yaranmu su riƙe wannan ko bayan jarrabawa.

Ka kula sosai da cututtukan da ke bin kuromosom X, irin makantar launi da rashin daskarewar jini. Ɗa namiji daga uwarsa yake karɓar X, uba Y ya ba shi. In uwa tana ɗauke da makantar launi a ɓoye, uba lafiyarsa ƙalau, rabin 'ya'ya maza ake tsammanin za su samu, wanda shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na duka 'ya'yan. Kalmar "maza" kaɗai ke raba 50 da 25 a tambayar, ka ja mata layi. Haka rukunin jini: uba A, uwa B suna iya haifar mai O in kowannensu yana ɓoye da O. A DNA kuma, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, tubalan A da T ke tafiya tare, G da C tare, don haka in an ce A kashi 30 ce, T ma 30 ce, G da C su raba 40 ɗin da ya rage.

Sauran babuka ba sa buƙatar wannan wahalar. Rabe-raben dabbobi da tsirrai, ka yi musu jadawali a takarda guda: rukuni, siffar da ta bambanta shi, misali ɗaya. Zuciya da ƙoda da ƙwayar halitta, ka zana su daga ka, ka sa wa kowane sashe suna, sannan ka buɗe littafi ka gyara da jan biro. A babin muhalli ka riƙe cewa kusan kashi 10 na makamashi ne ke hawa daga mataki zuwa na gaba. In ka gama babi, kira ƙaninka ko ƙanwarka ka yi masa bayani da Hausa. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba.

Makonni biyun ƙarshe su ne na tajmi'at, da agogo a gabanka. Amsoshin da ke ciki ɗalibai ne suka tattara daga abin da suka tuna, akan samu kuskure, duk wadda ta saɓa wa littafi ka bi littafi. A ɗakin jarrabawa tambayar da ta tsaya maka ka wuce ta, ka dawo kafin lokacin sashen ya ƙare, kada ka bar gurbi ko ɗaya babu amsa.