Yadda Ake Ɗora Hotunan Bauchi da Bayaninsu a Wikimedia Commons

Duba wayarka ka gani. Akwai hoton hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, akwai na ranar da kuka je Yankari kuka yi wanka a ruwan Wikki, wataƙila har da na wani tsohon soro a unguwarku da aka rushe bara. Duk suna nan kwance, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka yi awon gaba da ita a kasuwa, shi ke nan sun tafi. Abin yana damuna, domin hoton da kake ganin ba komai ba ne, shi wani ɗalibi ko mai rubutun tarihi yake nema ido rufe.

Akwai rumbun da aka tanada don wannan, sunansa Wikimedia Commons. An buɗe shi a 2004, yau yana ɗauke da fayil sama da miliyan 100, kuma daga cikinsa Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna suke ɗibar hotuna. Masu sa kai ne ke zuba masa kaya, ba a biyan kowa, ba a kuma karɓar ko sisi.

Kafin ka taɓa komai, ka fahimci sharaɗin farko: hoton ya zama kai ka ɗauka da hannunka. Ni nan na yi tuntuɓe. Wani abokina ya turo min hoton giwaye da ya ɗauka a Yankari, ya burge ni, na ɗora shi a matsayin nawa da zuciya ɗaya, ina ganin ai abin aboki nawa ne. Ba a daɗe ba aka goge shi, aka bar min saƙon gargaɗi. Da gaskiyarsu. Wanda ya ɗauki hoton shi ke da haƙƙi, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Hoton da ka tsinta a Facebook ko a zauren WhatsApp kuwa, kada ma ka soma.

Sharaɗi na biyu shi ne lasisi, kuma ina so ka natsu a kansa. Wanda aka fi amfani da shi ana ce masa CC BY-SA 4.0. Ma'anarsa ka yarda kowa ya yi amfani da hotonka, ya sa a littafi, a jarida, ko da na sayarwa ne, ya ma gyara shi, muddin ya ambaci sunanka kuma ya saki abin da ya gyara a kan lasisi iri ɗaya. Haƙƙin mallaka yana nan a hannunka, amma izinin da ka bayar ba a janye shi. Saboda haka hoton iyalinka, ko wanda kake shirin sayar wa wani shi kaɗai, bar shi a gida.

In ka amince da waɗannan, buɗe asusu. Minti biyar ya isa. Ka zaɓi sunan da ba za ka ji kunyar a buga shi a ƙarƙashin hotonka ba, domin da shi za a riƙa ambatonka. Asusun nan ɗaya zai yi maka aiki a Wikipedia ta Hausa ma.

Sai ɗaukar hoton kansa. Ba sai kana da babbar kyamara ba, wayar hannunka ta isa. Goge idon kyamarar da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke bin komai. Shiga saitin kyamara ka kashe tambarin nan da wasu wayoyi ke bugawa a gefen hoto, ba a son sa a can. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Tsakar rana ta Bauchi ƙona hoto take yi, ta bar fuskoki cikin duhu. Maimakon jawo abu da yatsa, taka ka matsa kusa. In gini ne, ɗauki gabansa gaba ɗaya, sannan ka bi ƙananan abubuwa: zanen bango, zanko, azara, ƙyauren ƙofa. A wuri irin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, gwanintar tana cikin bakan gizon rufin, sai ka ɗaga kai za ka gan ta. Barikin soja da shingen jami'an tsaro kuwa, mayar da wayarka aljihu.

In akwai mutum a hoton, nemi izini. Wata safiya kusa da Ƙofar Wunti na tsaya gaban wata dattijuwa mai tuyar masa. Tandarta ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa, tana ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta juya da ɗan cokali ba tare da ta kalla ba. Na gaishe ta, na sayi masa, sannan na ce, "Inna, don Allah ina so in ɗauki hoton tandar nan, zan sa a intanet inda duk duniya za ta iya gani." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ɗauki tanda da hannuna, amma ban da fuskata." Haka na yi, kuma hoton hannun nan ya fi duk wanda na ɗauka ranar. Ka faɗa wa mutum gaskiyar inda hoton zai je. Yara kuwa, sai da yardar iyayensu.

Wajen ɗorawa, yi amfani da asalin hoton da ke cikin wayar. Wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ya rasa kaifinsa, ya kuma zubar da bayanan ranar da aka ɗauka. Shiga shafin Commons ka danna wurin ɗora fayil, ko ka sauke manhajarsu ta Android. Za a tambaye ka ko aikinka ne, ka tabbatar, ka zaɓi lasisi.

Yanzu aka zo inda mafi yawan mutane ke yin sakaci, wato rubutu. Hoto marar bayani maraya ne, ko ya kai ina a kyau ba mai samunsa. Fara da sunan fayil. Kada ka bar lambobin da waya ta laƙa masa, kada kuma ka rubuta "gari mai kyau". Rubuta abin da yake da inda yake: "Tuyar masa a tandar ƙasa, Ƙofar Wunti, Bauchi". A gurbin bayani, amsa tambayoyin da baƙo zai yi: mene ne wannan, a ina, yaushe, me ake yi? Misali: "Hannun mai tuyar masa yana juya masar shinkafa a tandar ƙasa da safe, kusa da Ƙofar Wunti a cikin garin Bauchi." Ka rubuta da Hausa, akwai wurin zaɓen harshe, in ka iya ka ƙara na Turanci a ƙasa. Ina ba Hausar muhimmanci saboda kalmomi irin su tanda, ƙullu, zanko da azara, in ba mu rubuta su a jikin hotunansu ba, wani ne zai zo ya raɗa musu sunan da ba nasu ba.

Ka rubuta abin da ka tabbatar kawai. In ka ɗauki kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka ce kabarin Firayim Ministan Najeriya na farko ne, wanda aka kashe a Janairun 1966. In ruwan Wikki ne, ka ce yana cikin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, ɗuminsa wajen digiri 31. Labarin "an ce" da ka ji a bakin direba, ajiye shi. Yabo ma ba wurinsa ba ne, hoton zai yabi kansa.

Daga nan sai rukuni, wato ajin da ake tara hotunan abu ɗaya ko wuri ɗaya a cikinsa. Sunayen rukunai da Turanci suke, amma da ka fara rubuta Bauchi ko Yankari za su fito, ka zaɓi wanda ya fi kusa da abin da ka ɗauka. Duba kwanan wata, sannan ka wallafa.

Kada ka juye hotuna hamsin na abu ɗaya. Zaɓi uku ko huɗu mafiya kyau. In wani ya gyara maka bayani ko ya bar maka saƙo, karanta ka amsa cikin ladabi, yawanci taimako ne.

In kana son abin da zai zaburar da kai, akwai gasanni. Wiki Loves Africa ta fara a 2014 da jigon abinci, kowace shekara kuma jigon yana canzawa. Wiki Loves Monuments ta gine-ginen tarihi ce, Wiki Loves Earth kuma ta dazuzzuka da wuraren da aka killace, irin su Yankari da Sumu. Ko ba gasa, bayan ka ɗora hoton, buɗe Wikipedia ta Hausa ka nemi maƙalar garinku, Dass ne ko Azare ko Misau. In ka tarar ba hoto a ciki, danna gyara, ka saka naka, ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa.