Babi na 6: Idan Yaro Ya Daina Zuwa Makaranta

Kowace safiya malamin aji yana buɗe rajista ya kira suna. Wanda ya amsa a yi masa alama, wanda bai zo ba a sa masa sifiri. A makarantu da yawa a nan maganar take mutuwa: a rufe littafin, a mayar da shi durowa. Uwa ta ga ɗanta ya sa yunifom ya fita, ta ɗauka yana aji. Malam ya ga gurbinsa babu kowa, ya ɗauka iyaye sun sani. Mai unguwa kuwa ba wanda ya faɗa masa komai. Kafin a farga an yi wata guda yaron yana yini a bakin kududdufi, ko gidan kallo, ko yana bin 'yan dako a kasuwar Singa.

Wannan babi yana koyar da yadda labarin fashin yaro zai fita daga rajista ya isa ƙofar gida cikin kwana uku, da abin da za a yi idan ya isa.

Wa ke riƙe da me

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Najeriya zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Dokar ta ɗora wa iyaye nauyin kai yaro makaranta. A Jihar Kano hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke kula da makarantun firamare na gwamnati, kuma kowace ƙaramar hukuma cikin 44 tana da ofishin ilimi da Sakataren Ilimi ke shugabanta. Mutumin Dala, Gwale, Fagge, Birni, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso ko Ungogo ya san ofishin da makarantar ɗansa take ƙarƙashinsa, domin can ake kai ƙorafin rashin malami, yayewar kwano da karyewar benci.

Tsakanin makaranta da gida akwai kwamiti biyu da mutane suke yawan rikitawa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta waɗanda suke da 'ya'ya a makarantar ce. Kwamitin kula da makaranta kuwa, wanda ake kira SBMC, na unguwa ne gaba ɗaya: shugaban makaranta, wakilin malamai, mai unguwa ko wakilinsa, limami, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da wakilan yaran kansu. Bin sawun yaron da ya ɓace daga aji aikin wannan kwamiti ne. Inda ake samun matsala shi ne a rubuta sunan mata a takarda amma a sa taro bayan sallar Isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, inda ba macen da za ta zo. A birnin Kano wannan babban kuskure ne, don namiji ba ya shiga gidan da ba nasa ba, alhali amsar tambayar tana cikin gida wajen uwa. Kwamitin da ba mace mai aiki a cikinsa iyakarsa zaure. A sa taro ranar Asabar da hantsi a harabar makaranta, sau ɗaya a wata.

Tsarin kwana uku

Wannan ba doka ba ce, tsari ne da kowane kwamiti zai iya ɗauka ba tare da kashe ko sisi ba.

Rana ta farko da yaro bai zo ba, malam ya tambayi 'yan ajin da suke layi ɗaya da shi. Yara sun fi kowa sanin inda ɗan'uwansu yake. Rana ta biyu a buga wa uba ko uwa waya. Wannan ba zai yiwu ba sai an karɓi lamba biyu ta kowane gida tun farkon zango, an rubuta a bayan rajista tare da sunan layi da wata alama, kamar "gida na uku bayan masallaci", tunda lungunan cikin gari ba duka suke da lamba ba. Rana ta uku shugaban makaranta ya ba wa wakiliyar mata sunan, ta je gidan da kanta.

Yadda ake shiga yana da muhimmanci. A yi sallama, a gaisa, a tambayi lafiyar yaro: "Maman yara, kwana uku malam bai ga yaronmu ba, muka ce ko lafiya?" Wadda ta shiga da faɗa, ko ta fara da ambaton doka, za a ba ta amsar da za ta sallame ta kawai, gaskiya kuma ta tsaya a ɗaki. Abin da aka gani a gidan mutane ba na majalisa ba ne. Idan sirrin gida ɗaya ya fita, sauran gidajen layin za su rufe ƙofa.

Idan mako biyu suka wuce yaro bai dawo ba, mai unguwa ya kira uban su zauna su biyu. Abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa dagaci ko hakimi, shugaban makaranta kuma ya sanar da ofishin ilimi a rubuce.

Abin da aka fi tararwa a gida

Ciwo shi ne kan gaba, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da kwatoci suke cika, sauro ya yi yawa. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. A kai yaro asibitin sha-ka-tafi na unguwa a yi gwajin jini na yatsa. Ba ya wuce minti 20. Idan an ba da maganin kwana 3, a shanye shi duka. Abin da yake faruwa shi ne yaro ya ji sauƙi a rana ta biyu, a ajiye ragowar don ƙaninsa, bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo ya sake kwantar da shi.

Idan gudawa ce, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida. Wanda ake sayarwa a ƙulle ya fi, a zuba shi a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata 2. In babu, a haɗa: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, don gishiri mai yawa yana cutar da yaro. Abin da ya kwana ya yini a zubar a sake sabo. A nemi ƙwayar zinki a asibiti, ana shan ta kwana 10. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko akwai jini a bayan gidansa, a wuce da shi asibiti nan take.

Akwai ciwon da dole makaranta ta sani da gaggawa. Mashaƙo ya yi ɓarna sosai a Kano a 2023, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Alamarsa ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, kumburin wuya, da wani abu fari-fari ko ruwan toka da ya lulluɓe maƙogwaro. Kada a ƙwaƙule shi, kada a kai wa wanzami, kada a tura yaron aji. Haka ƙyanda: zazzaɓi, tari, jan ido, sannan ƙuraje. Idan yara biyu ko uku a aji ɗaya suka kwanta da alama iri ɗaya cikin mako guda, shugaban makaranta ya sanar da asibitin unguwa a ranar. Wakiliyar da ta shiga gida ta roƙi ganin katin rigakafin ƙannen yaron: akwai allura ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Gurbin da ba a cike ba a kati, a nuna wa uwa shi da yatsa, a faɗa mata ranar da asibiti yake yin rigakafi.

Na biyu talla. A nan a yi hattara da yanke hukunci. Uwar da take tura 'yarta da farantin awara ko ɗanwake sau da yawa da cinikin ake cefane, wani lokaci kuma da shi ake tara kayan ɗaki. Ce mata "ki daina" ba tare da wata mafita ba ɓata baki ne. A zauna a yi lissafi da ita: nawa yarinyar take kawowa a yini, kuma a wace sa'a aka fi ciniki? Wani lokacin ana iya mayar da sana'ar zuwa bayan tashi daga makaranta, a ƙofar gida, inda ido yake kanta. Wani lokacin a sami mai shago a layin ya riƙa karɓar kayan da sari, ko a nema wa uwar izinin sayarwa a makaranta lokacin tara. Abin da kwamiti ba zai sassauta a kai ba shi ne tallan dare da tura yarinya tasha, gareji ko kangon gini.

Sauran dalilan gyaransu bai kai wannan wuya ba. Yunifom ya yage, yaro yana jin kunya: kwamiti ya riƙa tara na waɗanda suka gama aji 6. Lokacin Islamiyya ya ci karo da na boko: shugabannin makarantun biyu su zauna su daidaita, tunda yaran ɗaya ne. Yaro yana gudun bulalar makara, sai ya gwammace ya ƙi shiga gaba ɗaya. Wannan magana ce da za a yi da shugaban makaranta kai tsaye. Wani kuma ba ya ganin allo ko ba ya ji sosai, ana ce masa daƙiƙi. A dawo da shi bencin gaba, a kai shi a duba idonsa da kunnensa. 'Yan mata manya kan yi fashin kwana uku ko huɗu duk wata idan banɗakin makaranta ba ƙofa, ba ruwa. Malamin da ya duba rajista da kyau zai ga fashin yana maimaituwa a kan lokaci. Ƙofa mai sakata, buta da bokitin ruwa sun fi wa'azi aiki a nan, kuma malama mace ce za ta yi maganar.

Abin da ba a sulhu a kansa

Idan aka tarar an ci zarafin yaro ko yarinya ta hanyar lalata, maganar ta wuce kwamiti. Jihar Kano tana da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023. A kai yaron asibiti cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba ya aiki bayan haka. Kada a wanke kayan da ke jikinsa, a sa su a takarda a tafi da su. An buɗe cibiyar Waraka a Asibitin Murtala don irin wannan. A sanar da 'yan sanda. Rufa-rufa a zaure da sunan kare mutuncin gida ita ce take ba mai laifi damar komawa kan wani yaron.

Kuɗi da takarda

Ƙananan gyare-gyare, irin su alli, sabulu, tsintsiya da sakatar banɗaki, unguwa tana iya ɗauka. Gudummawa ce ta ganin dama. Ba a korar yaro daga aji don ubansa bai bayar ba. Kuɗi kada su zauna a aljihun mutum ɗaya, ko da limami ne, don kare shi daga zargi. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar: shugaban kwamiti, ma'aji da shugaban makaranta. Kowane sayayya da rasit, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen zango. Yawancin kwamitocin da suka watse a kan kuɗin da ba a rubuta ba suka watse.

Babban aiki kamar rufin aji, rijiyar burtsatse ko ƙarin malami na gwamnati ne. Ƙorafin baki ba ya shiga fayil. A rubuta takarda gajera mai adadi, a yi kwafi biyu, a sa ma'aikacin ofis ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi. Ga misali:

Zuwa ga Sakataren Ilimi,
Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, muna sanar da kai cewa iska ta yaye kwanon aji 4 a makarantarmu. Yara 86 ne a ajin, yanzu suna zaune a baranda, kuma damina ta kusa. Muna roƙon a turo a duba. Unguwa ta ɗauki nauyin yashi da ruwa. Mun haɗa da hoto 2.

Sai sa hannun shugaban kwamiti, shugaban makaranta da mai unguwa. Bayan mako biyu mutum biyu su koma da kwafin mai hatimi su tambayi inda aka kwana.

Aikin aji

1. Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su: rajista, fashi, kwamiti, rigakafi, rasit, hatimi.
2. A aji mai yara 72, an sami 58 ranar Litinin. Yara nawa ne ba su zo ba?
3. Gidaje 120 sun ba da naira 200 kowanne. An sayi buta da bokiti na naira 9,500. Nawa ya rage a hannun ma'aji?
4. Ɗauko katin rigakafin ƙaramin yaron gidanku, ka duba ko akwai gurbin da ba a cike ba.
5. Rubuta sunanka, lambar wayarka da kwatancen gidanku a takarda, ka kai wa malamin ajin ɗanka kafin darasi na gaba.